Masu Kallon Bango

A gidan Marl ɗan aiki ba ya haɗa ido da masu gida. Ko shara kake, ko tire kake ɗauke da shi, da ka ji takun ɗayansu a korido sai ka dakata, ka juya ka fuskanci bango, ka tsaya ƙyam har ya wuce. Haka aka tarar, kuma ba wanda ya ga dalilin canzawa. Shekara goma sha tara Hester Pugh ta yi tana wannan juyi, ba a taɓa kama ta da satar kallo ba ko sau ɗaya. Da wannan take taƙama, baiwar Allah, don ba ta da wani abin taƙamar.

Ƙanwarta Dorcas kuwa, ko shekara biyu ba ta rufa a gidan ba aka ɗauke mata dokar. Tsoho Godfrey Marl, mai gidan, idonsa ya mutu. Wata rana ya jiyo ta tana waƙa wajen guga, ya ce a kawo masa mai muryar nan ta riƙa yi masa karatu. Shi ke nan Dorcas ta yi sallama da bokiti da tsumma. Aka ɗinka mata shuɗiyar riga, aka ba ta kujera gefen murhu a ɗakin karatu, shayinta ma a kofin tangaran ake kai mata. Ita da Hester ciki ɗaya suka fito, gado ɗaya suke kwana a can ƙuryar bene, kuma Hester ce ta durƙusa ta roƙa mata aikin tun farko. Amma duk safiya in ta ga shuɗiyar rigar nan rataye a jikin ƙofa, sai ta kau da kai. Hassada ce, ba wani suna da za a saka mata, kuma Hester ta san ita ce.

Abin ya faru ranar bikin Sulhu na 1954, shekara arba'in cif da sarakunan Turai suka mai da wuƙaƙensu kube ana saura ƙiris a gwabza yaƙi. Gida ya cika da baƙi, har daga Berlin da Petersburg. An kafa rumfuna a filin gaba, 'yan badujala na ta busa, a kicin kuwa kuku tana yanka naman rago tana mita kamar kullum.

"Da ma sun yi yaƙin nan mun huta," in ji ta. "Ko ba komai da an rage mana masu cin abinci kala bakwai."

"Ki iya bakinki," in ji Misis Tranter, mai riƙe da makullan gida. Ta dubi Hester. "Karen Bajamushen nan ya yi ɓarna a dardumar ƙofar ɗakin karatu. Je ki wanke da kanki, hannunki kaɗai na yarda da shi."

Tana durƙushe tana dirzar kashin kare agogon korido ya buga uku. Ta ji ƙofar ɗakin karatu ta buɗe, ƙamshin sabulun masu gida ya daki hancinta.

"Yaya, sannu da aiki," in ji Dorcas. "Ya aike ni tafki in gano masa ko bado ya yi fure. Kawo in kama miki, ba sauri yake yi ba."

Hester ba ta ɗago ba. Ta miƙe a hankali, ta goge hannu a jikin rigarta, ta juya ta fuskanci bango.

"Wuce, ranki ya daɗe. Mu masu kwasar kashin kare ba ma kallon manya."

"Haba Yaya, mene ne haka kuma?"

"A sauka lafiya, uwargida."

Dorcas ta ɗan tsaya, sannan takunta ya nufi ƙofar lambu. Daga ciki tsohon ya yi tari, ya soma rera wata waƙar mafarauta da dasasshiyar muryarsa. Hester na shirin komawa kan bokitinta sai ta ji wani takun, ɗaya mai nauyi ɗaya maras nauyi, da warin kafur. 'Yan aikin gidan ba su san fuskokin masu gida sosai ba, amma taku kam ko daga barci aka tashe su za su gane na waye. Mis Octavia ce, babbar 'yar tsohon, wadda aka haifa da ƙafa ɗaya gajera, take sa takalmi mai tudu. Shekararta hamsin, ba ta taɓa aure ba, kuma ko wuni guda ta ɓace ba mai cigiyarta.

Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Hester ta ji tsohon ya ce, "Au, ke ce? Ina yarinyar?" Ta ji ya yi dariya. Daga nan waƙar ba ta dawo ba. Bayan kamar minti goma takun ya fito, ya dakata daidai bayanta har tana jin numfashin matar, sannan ya haye sama. Hester ta ƙarasa wankinta ta ɗauki bokiti. Tana zubar da ruwan a bayan kicin ta jiyo ihun Dorcas.

An danne wa tsohon fuska da matashin kujera har rai ya yi halinsa. Matashin kujerar Dorcas ne, ga gashinta nan a jiki.

Sufeto Gittins ya iso da yamma ta ƙofar baya, ya goge takalmi sau biyu kafin ya taka kicin. Dokar Gida, wadda majalisa ta kafa bayan an murƙushe yajin aikin barori a 1921, ta ɗaure masa hannu, kuma da alama ɗaurin bai dame shi ba. Ba ya tambayar ɗan gida sai da yardarsa. Bara ba ya ba da shaida a kan ubangidansa sai abin da idonsa ya gani. In kuwa bara ake zargi, gida na da ikon tsare shi kwana goma kafin a miƙa shi kotu. Mista Hugh, ɗan marigayin, wanda ya zama mai gida tun gawar ba ta yi sanyi ba, ya tarbe shi a tsaye, ya ce don Allah a bi komai a hankali, akwai baƙi.

A teburin kicin sufeto ya zaunar da Hester.

"Ƙanwarki ta ce ta fita ƙarfe uku, ta bar shi da ransa, kuma kina wurin. Kin ga fitarta?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe."

"Kin ga wani ya shiga?"

"Ban ga kowa ba. Bango nake kallo."

Tambaya ɗaya ta rage, wadda kowane mai hankali zai yi: wa kika juya wa? Sufeto ya kai baki zai yi ta, ya ɗaga kai ya dubi silin inda ake jin takun manya, ya haɗiye abarsa. Ya rubuta, Hester ta dafa Littafi Mai Tsarki, ta sa hannu. Ba ƙarya ta yi ba, haka ta yi ta faɗa wa kanta tana hawa bene. Kuma ai sufeto ne guda, zai gano gaskiya da kansa. Kafin nan 'yar gatan ta ɗan ɗanɗani abin da mutane ke ɗanɗana. Ranar ita kaɗai ta miƙe ƙafa a gado, kuma abin kunya, barcin ya yi mata daɗi.

A ɗakin ajiyar tuffa aka kulle Dorcas, wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa bayan kicin, mai taga kamar tafin hannu. Lokacin tuffa bai yi ba, babu komai a ciki sai tsofaffin buhuna da warin ruɓa. An karɓe shuɗiyar riga da takalmi. Hester aka ɗora wa kai mata abinci, wai don 'yar'uwarta ce.

"Yaya!" Dorcas ta zabura ta riƙe mata hannu. "Kin faɗa masa?"

"Na faɗa masa abin da na gani."

"To me ya sa ba su buɗe ni ba?"

"Ai ban gan ki ba, Dorcas. Bango nake kallo, kin manta?"

Dorcas ta yi 'yar dariya, a zatonta tsokana ce. Da ta dubi fuskar yayarta sai dariyar ta tsaya, ta saki hannun.

A kicin kuwa baki ya buɗe. Ashe kowa da nasa a ciki. Wannan kofin tangaran ne ya tsaya mata a rai, waccan kujerar gefen murhu, wata kuma ta rantse tun bara Dorcas ta daina gaishe ta da kyau.

"Karatu!" in ji kuku. "Wane irin karatu ake yi ƙofa a rufe? Ni dai na yi makaranta, a buɗe muka yi namu."

"An ce cewa ta yi ya aure ta, ya ƙi."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

Hester na ferayar dankali tana jin su. Kalma ɗaya daga bakinta da ta rufe nasu, amma ba ta yi ba. Ta tarar ashe ba ita kaɗai ke ɗauke da abin ba, kuma hakan ya sanyaya mata rai.

Rana ta uku Mista Hugh ya aiko a mai da abincin yarinyar burodi da ruwa, wai ciki in ya yi nauyi mantuwa yake kawowa. Daɓen ɗakin kullum a jiƙe yake. Da Hester ta shiga ta tarar Dorcas ta fara tari, ƙafafunta sun yi fari fat don sanyi. Ta je wajen Misis Tranter ta nemi bargo, da rabin baki.

"Bargo?" Misis Tranter ta rufe ƙofar ofishinta. "In na ba ta bargo, gobe a ce na goyi bayanta. Zauna, Hester. Mutum arba'in da ɗaya ke ci a gidan nan. Ran da sunan Marl ya ɓaci, baƙi za su ɗauke ƙafa, a rufe rabin gida, a watsa mu titi. Ni shekarata sittin da biyu, wa zai ɗauke ni? Ba na cewa ita ta yi, ba na cewa ba ita ba ce. Amma ita ta ɗaga kai, mu da muka sunkuyar ga mu nan lafiya."

Fasto ya zo rana ta huɗu. Ya tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci, ya yi addu'a, ya shawarci Dorcas ta sauke nauyin da ke zuciyarta. Da kuku ta ce masa yarinyar fa tarinta ya yi yawa, sai ya ce shi rai aka ba shi kiwo, jiki na hukuma ne. Ya hau sama, don an riga an zuba miya.

Rana ta biyar Hester na goge tagogin koridon sama ta ji takun nan, ɗaya mai nauyi ɗaya maras nauyi. Ta juya. Takun ya zo ya tsaya a bayanta, bai wuce ba.

"Pugh," in ji Mis Octavia a hankali. "Kar ki juyo."

"To, ranki ya daɗe."

"Shekara ashirin da biyu ina yi masa karatu. Na san inda yake son a dakata, na san inda barci ke ɗaukarsa. Rana ɗaya ya ji wata na waƙa wajen guga, ya ce ni muryata kamar ƙofa mai tsatsa ce, in je in huta." Ta ƙara rage murya. "Ranar bikin da littafi na shiga. Na ce bari in karanta masa shafi ɗaya kafin ta dawo. Kin dai ji abin da ya yi."

"Ban ga komai ba, ranki ya daɗe."

"Na sani. Shi ya sa nake miki magana. Ke ma tsallake ki aka yi, ko ba haka ba? Shekararki nawa a nan?"

"Goma sha tara."

"Goma sha tara, kuma ita aka ɗinka wa riga." Ta yi ajiyar zuciya. "'Yar ɗakina ta tsufa, ƙarshen wata za ta koma ƙauyensu. 'Yar ɗaki ba ta kallon bango, Pugh. Ki yi tunani."

Takun ya wuce. Hester ta daɗe da goshinta a jikin bango. Tsoro ya kamata ta ji, ko ƙyama. Abin da ta ji daɗi ne, don tun da ta shigo gidan nan, yau ne wani daga cikin masu gida ya tambaye ta shekarunta.

Rana ta bakwai ta tarar da Dorcas kwance kan buhuna, leɓɓanta sun tsage, jikinta zafi rau. Ta daina tambayar ko an faɗa wa sufeto.

"Ajiye nan, Yaya, ba na iya haɗiya." Ta yi tari mai tsawo. "Kin san me nake ta tunawa? Inna tana cewa, dubi Hester, ba a taɓa kawo ƙararta ba. Tun ina ƙarama ba abin da nake so irin in zama ke."

"Ki bar wannan zancen."

Dorcas ta janye hannun riga. Tsintsiyar hannunta duk tabo, wani ya yi kore, wani ruwan ɗorawa.

"In na yi tuntuɓe a kalma, nan yake murɗewa. Wani lokacin awa shida ina karatu, har in tofar da jini. Shayin nan da kuke gani, don kar muryar ta dushe ne. Na nuna wa sufeto, na zaci zai tausaya. Sai ya ce madalla, ga dalilin kisa ya fito."

"Me ya hana ki faɗa tun tuni?"

"In faɗa wa wa? Ke da kika daina yi min magana?" Ta lumshe ido. "Ba komai. Mista Hugh ya sauko jiya. Ya ce in na amsa laifi za a ce hankalina ne ya gushe, a kai ni asibiti shekara biyu, in fito. Har rantsuwa ya yi. Na gaji, Yaya."

Hester ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ki daure ki ci burodin." Ta fita ta ja ƙofa. Ka ce a nan hassadar za ta mutu, amma ina. Sai ta canza kama. Ko a kan buhu, ko da tsagaggen baki, Dorcas ce mai haƙuri, ita ce ta kirki, ita ce ba ta zagi kowa ba. Hester ta so a ce ta zage ta, ko ta tofa mata yawu, da sun yi daidai.

Washegari Hester na share toka a murhun ƙaramin falo Mista Hugh ya shigo da sufeto. Ta miƙe ta fuskanci bango. Masu gida ba sa rage murya don mai kallon bango, kamar yadda ba sa ragewa don kabad.

"Yarinyar ta sa hannu a takardar amsa laifi da safen nan," in ji sufeto. "Sai dai ta ce kun yi mata alkawarin asibiti, ranka ya daɗe."

"Wane asibiti?" in ji Mista Hugh. "Alƙalin nan tare suka yi shekara talatin suna farauta da mahaifina. Igiya ce, Gittins, kai ma ka sani. Gobe ka tara mutane ka yi musu bayani, baƙina su tafi da kwanciyar hankali. Za ka sha wani abu?"

Tokar da ke hannun Hester ta zube a kan takalminta. Igiya. A duk kwanakin nan kalmar ba ta taɓa zuwa mata a rai ba, ko kuma ta zo ta kore ta. Ta tuna wuyan Dorcas, siriri, da tabon da ta ji masa da almakashi tana yi mata aski suna yara. Ko a lokacin ba ta juyo ba sai da suka fita.

Rana ta tara sufeto ya tara kowa a babban falo. Baƙi na kan kujeru da kofunan shayi, 'yan aiki sun yi layi a bakin ƙofa, an ba su izini na awa ɗaya su kalli ɗaki. Aka shigo da Dorcas, mutum biyu na riƙe da ita. Sufeto ya gyara murya, ya bi labarin tiryan-tiryan: ga matashi, ga gashi, ga tabon hannu, ga takarda da sa hannu. Wata baƙuwa daga Petersburg har ta tafa masa da yatsu biyu.

"Ƙarya ne."

Hester ba ta san lokacin da ta fito daga layi ba. Muryarta ta yi mata baƙo a kunne.

"Ƙarfe uku ta fita. Bayan fitarta na ji shi yana waƙa. Wadda ta shiga bayanta Mis Octavia ce, kuma daga shigarta waƙar ta tsaya."

Cokalin wani ya faɗi. Mista Hugh ya miƙe fuska jajir, sufeto ya ɗaga masa hannu.

"Gani kika yi, ko ji?"

"Na ji takunta. Duk gidan nan ba wanda bai san shi ba."

"Taku ba shaida ba ne. Kin san doka."

Hester ta dubi Dorcas, wadda ta ɗago kai a karon farko, ta zuba mata ido. Sai Hester ta yi ƙarya, ta farko a duk wannan magana.

"Na gan ta. Na juyo, na gan ta da idona."

Mis Octavia na zaune gefen taga cikin baƙaƙen kaya, hannuwanta a kan cinya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Misis Tranter, ke kika fi kowa saninta. Pugh tana satar kallo?"

Makullan da ke ƙugun Misis Tranter suka yi ƙara. Ta dubi Hester da idanu cike da ƙwalla.

"Hester? Har abada, ranki ya daɗe. Ranar da marigayiya uwargida ta faɗo daga matakala a bayanta, ba ta juyo ba sai da aka kira sunanta. Da ita nake ba sababbin 'yan aiki misali. Duk gundumar nan babu mai kallon bango irin Hester."

Layin 'yan aiki ya gyaɗa kai, don gaskiya ce. Sufeto ya zaro takardar da Hester ta sa wa hannu ranar farko, ya karanta ta a hankali, kalma bayan kalma. Ban ga kowa ba. Bango nake kallo.

"'Yar'uwarta ce, Hugh," in ji Mis Octavia. "Kar a hukunta ta. Ni na yafe mata."

Baƙi suka yi ta jinjina kyawun zuciyar matar. Aka ƙara zuba shayi.

Ba Hester kaɗai ta ji takun nan ranar bikin ba. Akwai mai shara a matakala, akwai mai kai furanni ɗakunan baƙi, duk sun juya wa Mis Octavia tana saukowa, sun sake juya mata tana hawa. Suna nan tsaye a layi, kowacce ta zuba wa darduma ido. Misis Tranter ta sani, sufeto ya sani, Mista Hugh ma da ya haɗa ido da yayarsa sau ɗaya ya kau da kai, bai sake duban wajen taga ba. Ba wanda ya ƙulla makirci, ba wanda ya kira taro a ɓoye. Kowa abin da aka koya masa ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Rana ta goma aka fitar da Dorcas ta ƙofar baya, don ta gaba ta baƙi ce, kuma suna ta lodin akwatuna.

Ba a kori Hester ba. Ta nemi a sallame ta, aka ce bara ba ya barin gida sai da sa hannun mai gida, kuma mai gida ba ya son a ce ya hukunta wadda aka yafe wa. Ƙarshen wata aka mai da ita 'yar ɗakin Mis Octavia. Shari'ar Dorcas ba ta cinye wuni guda ba, aka yanke mata hukuncin rataya.

Ziyara ɗaya aka ba Hester a gidan yarin gunduma, cikin watan Oktoba. Zazzaɓin ya saki Dorcas, don hukuma ta yi mata magani sosai. Tana zaune bayan ragar waya, an aske mata kai, ta zama kamar 'yar shekara goma sha biyu. Hester ta zauna tana fuskantarta.

"Yaya, tambaya ɗaya zan yi miki, kar ki yi min ƙarya. Ranar farko da sufeto ya zaunar da ke, kin riga kin san ita ce?"

"Na sani."

"Kuma da a ranar kin ce kin gan ni na fita, kin ji shi yana waƙa a bayana?"

"Da ba su kulle ki ba."

Dorcas ta gyaɗa kai, kamar wadda aka faɗa wa abin da ta riga ta sani.

"Kwana nawa kika so in yi a ɗakin nan?"

Hester ta kama wayar da hannu biyu. Hawaye ya hana ta ganin komai.

"Uku," in ji ta. "Na ce kwana uku ya ishe ki. Ki ɗan sauko, shi ke nan. Wallahi shi ke nan, Dorcas."

"Da kin faɗa min, Yaya," in ji Dorcas. "Ai da na sauko da kaina."

Mai gadi ya ce lokaci ya yi.

An sa ranar Talata ta biyu a watan Nuwamba, ƙarfe takwas na safe. Ƙarfe takwas kuwa lokacin gyaran gashin Mis Octavia ne, ba a ɗagawa. Hester na tsaye bayanta gaban madubi, mataji a hannu, agogon cocin ƙauye ya soma bugawa. Ta ƙirga har takwas. Hannunta ya damƙe furfurar matar, ya ƙi saki.

"A hankali mana, Pugh," in ji Mis Octavia. "Kina ja min gashi."

"Yi haƙuri, ranki ya daɗe," in ji Hester, ta ci gaba da tazar.